Tsumman Baba Mai Sanda

Shekara ashirin da bakwai ke nan ba a buɗe famfo a gidan man bakin shataletale sai Baba Mai Sanda ya ce a buɗe. Manajoji sun zo sun tafi, an sake wa gidan fenti sau huɗu, an tumɓuke tsofaffin famfuna an kafa sababbi, amma shi yana nan daram, shi da sandarsa.

Aikin nasa, in a baki ka ji shi, sai ka raina. A bayan famfuna akwai murafan ƙarfe uku a ƙasa, ƙarƙashin kowanne akwai tankin fetur, wanda ma'aikata ke kira rijiya. Kullum da sassafe Baba zai ɗaga murfi, ya ɗauko sandar awo, wata doguwa da ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Sai ya matso man gwaji, kamar yadda ake matsa man goge baki, ya shafa a ƙasan sandar, ya zura ta har ta taɓa gindin rijiya. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka in ya shiga, can ƙasa yake komawa ya yi lamo. Shi kuwa man gwajin launinsa ƙasa-ƙasa ne. In bai gamu da ruwa ba, haka zai fito. In ya gamu da shi, sai ya koma ja wur. Baba zai jawo sanda, ya duba, ya goge ta da farin tsumma, ya cusa tsumman a aljihu, sannan ya ɗaga murya: "Lafiya lau! A buɗe."

Da can ba ɗan gidan mai ba ne, direban tasi ne, yana ja wa wani mutum. Wata rana ya sha mai a hanya, bai yi nisa ba motar ta fara tari tana fizga, ta zo tsakiyar gada ta mutu murus. Da aka kwance aka duba, ruwa ne ya bi ko'ina. Mai motar bai tsaya jin wannan ba. Ya karɓe makullinsa a gaban jama'a, ya ce gangancin direba ne ya kashe masa inji. Baba ya dawo gida a ƙafa, a lokacin amaryarsa na da cikin fari. Wannan takaicin bai taɓa barinsa ba, shi ya sa da ya samu aiki a gidan mai ya nace sai da aka damƙa masa sanda.

Tun daga nan ya zama malamin ruwa. Kowa ya tsaya shan mai, ko ya tambaya ko bai tambaya ba, sai ya sha karatu.

"Inji wuta yake so," in ji shi. "Ka ba shi ruwa, me zai ƙona? Yau tari, gobe fizga, jibi tsatsa ta cinye maka famfon mai. Sai ka je kana zagin bakanike, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba."

Gaskiya ne ya iya aikinsa, kuma gaskiya ne ya san ya iya, har abin ya yi masa ɗan yawa. Ba ya barin kowa ya leƙa sandarsa. Gwaggo, matar da ke famfo na ɗaya, ta shekara goma sha biyu a gidan, amma ranar da ta miƙo wuya ta ce bari ta gani, sai ya juya mata baya da sandar kamar mai ɓoye nama.

"Ke dai riƙe tiyonki," ya ce mata. "Ido ɗaya ya ishi sanda."

"To, Allah ya bar mana idon," in ji Gwaggo.

A gida kuwa akwai wadda ta san halin da idon yake ciki. Matarsa ce ke wanke tsummokaran. Kullum da rana in ta kawo masa abinci, sai ta karɓi na aljihu ta ba shi wankakke. Ita ta fara lura ya gai da maƙwabci da sunan wani, ya sa takalmi ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ruwan toka, ya zuba gishiri a shayi ya ce ita ce ta sauya wa gwangwanaye wuri.

"Malam, yanar ido ce fa take rufe maka gani. Mu je a duba."

"Wane ido? Daga nan ina ganin ƙuda a kan katangar can."

"Babu ƙuda a katangar can."

"Ya tashi," in ji Baba.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa, gari ya waye da hadari bai gama washewa ba. Baba ya zo ya tarar ruwa ya kwanta a kan murfin rijiya ta biyu. Ya share da tsintsiya, ya ɗaga murfi, ya zura sanda, ya jawo. Ya kawo ta kusa da fuska, ya ga abin da ya saba gani, ko kuma abin da ya ɗauka ya gani. Ya goge, ya ce a buɗe.

Wajen ƙarfe tara tanka ta iso. Direbanta Gajere ake ce masa, don sai ya ɗora matashi biyu a kujera kafin ya hango titi. Shekara takwas yana kawo musu mai, kuma bai taɓa tafiya ba tare da ya tsokani Baba ba. Ya juye mai a rijiya ta biyu, ya koma inuwa yana jiran a sallame shi.

Ba a yi awa ɗaya ba aka fara ganin abin mamaki. Wata tasi ta sha mai, ta kai bakin shataletale ta tsaya. Wata farar mota ta wuce ta da kaɗan, ta yi tari uku ta bi sahu. Motar ɗaukar 'yan makaranta ko fita daga harabar ba ta yi ba. Kafin ka ce me, motoci bakwai sun mutu, kowace an buɗe mata baki. Bakaniken tsallaken titi ya zo da kwalba, ya tsiyayi mai daga tankin tasi, ya ɗaga sama. Ba a jima ba abin ya rabu biyu, fetur a sama, ruwa a ƙasa kusan faɗin yatsa uku.

Manaja, matashi ne da bai cika shekara a gidan ba, ya sa aka rufe famfo, ya ba masu motoci haƙuri har muryarsa ta dushe. Sannan ya juyo kan Gajere.

"Da safe Baba ya gwada, rijiya lafiya lau. Kai ka juye, ruwa ya bayyana. Sai ka faɗa min inda ka tsaya a hanya ka sayar, ka cike da ruwa."

"Yallaɓai, wallahi ban tsaya ko'ina ba. Hatimin tanka ma kai ka yanke da hannunka."

"Hatimi ana sake shi. Maganar Baba kuwa ba a taɓa sake ta ba. Kawo makullin, zan kira kamfaninku."

Gajere ya dubi Baba. Baba ya ce abin da ya sani ke nan, da safe babu ruwa. Ya faɗa da ƙarfi, don har ga Allah haka ya yarda. Duk da haka, da ya ga makulli ya fita daga hannun Gajere, sai ya tashi ya koma bayan ofis ya zauna a benci.

A nan matarsa ta same shi da kwanon abinci. Ta ajiye, ta miƙa hannu kamar kullum, ya zaro tsumma ya ba ta ba tare da ya duba ba.

"Subhanallahi! Malam, yankewa ka yi?"

"Yankewa kuma?"

"To wannan jan fa? Na ɗauka jini ne."

Ya karɓa, ya fita tsakiyar rana, ya kawo tsumman har yana taɓa masa hanci. Rana ta fito sosai a lokacin. Ga shi nan, ja wur, tsawon tafin hannu. Tun safe sanda ta faɗa masa gaskiya, shi ne bai gani ba. Ruwan sama ne ya bi ta robar murfi da ta tsufa ya kwanta a gindin rijiya, da Gajere ya juye mai sai ya dama shi ya taso.

Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron yawa. Babu wanda ya ga tsumman sai su biyu. In ya ba ta, ta kai gida ta jiƙa a bokiti, shi ke nan magana ta mutu, sunansa na nan yadda yake. Matar ta gane abin da ke ransa, don shekara talatin ba wasa ba ce. Ba ta miƙa hannu ba.

"Ka tuna ranar da ka dawo min a ƙafa?" ta ce.

"Ba sai kin tuna min ba."

Ya gyara hularsa, ya shiga ofis da irin takun da yake zuwa bakin rijiya. Manaja na riƙe da waya, Gajere na tsugune a gefe. Baba ya shimfiɗa tsumman a kan tebur.

"Ɗana, ajiye wayar nan. Wannan na safe ne, tun kafin tanka ta shigo. Ruwan namu ne, ta murfi ya shiga. Sandata ba ta yi ƙarya ba, idona ne ya yi. Ka ba bawan Allah makullinsa."

Manaja ya dubi tsumma, ya dubi Baba, ya ajiye waya ya miƙa wa Gajere makullinsa. Gajere ya miƙe, idonsa ya ciko, amma bakin nan nasa bai mutu ba.

"Haba Baba, ashe duk shekarun nan da kake ce min Gajere ba ganina kake yi ba, ji kawai ka yi ana faɗa."

Ba wanda ya yi dariya sai Baba. Daga nan ya tuɓe riga ya shiga aiki, don ido ne ya gaza, kai yana nan. Shi ya nuna inda za a zura tiyo a zuƙe ruwan daga gindin rijiya, shi ya sa aka canza robar murfi. Ya tsallaka titi ya tsaya a kan bakanike, aka sauke tankin kowace mota aka wanke, aka canza filta, aka bushe fulogi. Duk direban da ya zo da zafi, Baba ya tare shi ya ce, "Ni ne, ɗana. Zage ni ka huce, amma kada ka ƙara murza makullin nan sai an gama, in ba haka ba ruwan zai ƙara shiga ciki." Kafin la'asar sakaliya motoci shida sun tashi. Ta bakwai, tasin nan, famfon man da ke cikinta ya riga ya tafi, sai da gidan mai ya sa mata sabo.

Da yamma ya ɗauko sandar ya jingine ta a ƙofar ofis, ya ce a nemi mai ido. Manaja ya ce ido ana gyara shi, ya je asibiti a cire yanar, amma hannun da ya san gindin rijiya ba a kasuwa ake samunsa ba. Baba ya gyara hularsa ya fita. A hanyar gida dai ya ce wa matarsa ta shirya, jibi za su asibiti, kuma ya faɗa kamar shi ya fara kawo shawarar.

Washegari da sassafe sai ga shi. Ma'aikata kowa ya kama abin da ba aikinsa ba yana satar kallo. Ya ɗaga murfi, ya shafa mai, ya zura sanda har ƙasa, ya jawo ta a hankali. Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya juya wajen famfo na ɗaya.

"Gwaggo."

"Na'am, Baba."

"Ajiye tiyon nan ki zo." Ya miƙa mata ƙasan sandar. "Me kika gani?"