Yadda Aka Kusa Hana Mu Mata a Ringim

Gidanmu gidan karatu ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a zaure ya ƙare rayuwarsa yana biya wa mutane allo da littafi, haka ma ubansa kafin shi, kuma iyakar sanina ba a taɓa ganin ɗayansu ya miƙa hannu ba sai don musabaha. Ni da ƙanena ne muka karkata zuwa boko muka zama malaman makaranta, ni a sakandare a nan Dutse, shi a firamare can wajen Buji, inda ya yi ta koya wa 'ya'yan manoma tarihi a watannin da iyayensu ba sa buƙatarsu a gona. Na fara da asali ne saboda a kan asali aka kusa hana ɗan ƙanen nawa matar da yake so.

Da ƙanena ya yi ritaya ya dawo Yalwawa kusa da ni, sai ya tarar da abin da duk tsohon malami ke tararwa: fansho ba ya isa, kuma babu aji. Rashin ajin ya fi damunsa. Mutum ne da Allah ya ba shi murya da baki, ya saba a yi shiru yana magana, matarsa kuwa ta riga ta haddace duk darussansa. Sai ya jingina waya da randa a tsakar gida bayan la'asar, ya soma magana kai tsaye ga duk wanda ya shigo manhajar nan ta bidiyo. Yana ba da labarin duwatsun da suka kewaye garin, da yadda dabino ya zauna a ƙasarmu, da tsofaffin rijiyoyi da waɗanda suka haƙa su. Na kalla sau da dama ina neman kuskuren da zan gyara masa, ban samu ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai.

Masu sauraro suka yawaita, akasari 'yan ƙasarmu ne da neman abinci ya watsa su Legas da Fatakwal da Jidda, suna kewar gida. Su suka fara tambayar ta ina za su yi masa alheri. Bai ɓata lokaci ba. Ya samo ƙaramin allo baƙi, ya rubuta lambar asusunsa da alli, da kyakkyawan rubutun nan na malamin firamare, ya rataye a bayansa daidai saitin kai. Daga nan hanyoyi suka yi ta buɗewa. Akwai kyautar cikin manhajar kanta, inda mutum zai sayi hoton fure ko na wata dabba ya jefo maka, hoton ya yi tsalle a fuskar waya ya ɓace, daga baya ya zama kuɗi bayan masu manhajar sun yanki rabonsu. Dillalai ne su ma, sai dai dillalin kasuwar dabbobi yakan sha rana kafin ya ci la'ada. Akwai masu turo katin waya, akwai masu sa masa data. Wani ɗan Haɗeja ya aiko da shinkafa da bandar kifi ta hannun direban haya. Har wani zaure na musamman aka buɗe a waya, wanda sai mai biya duk wata ake bari ya shiga, ya ji daidai abin da ake faɗa wa kowa kyauta, amma da jin cewa shi na ciki ne.

Har zuwa nan ban ga laifi ba. Wanda ya koyar aka ba shi, hakkinsa ne. Inda abin ya lalace shi ne wajen godiya.

Da farko in kyauta ta shigo sai ya ce "Na gode, Allah ya saka," ya ci gaba da darasi. Sai ya lura, da basirar da bai taɓa nunawa a lissafi ba, cewa wanda aka ambata yakan sake bayarwa, wanda aka ambata da ƙarfi kuma yakan ninka. Godiya ta yi tsawo, ta yi kauri, ta soma hawa da sauka. Wata rana na shiga gidan na ji muryarsa tun daga soro:

"Ga Alhajin Legas ya iso! Kogin Haɗeja, ba a tsallaka ka da takalmi! Gamji a tsakiyar kasuwa, inuwarka ta ishi baƙo da ɗan gari! Ku matsa masa, yara, ku matsa masa!"

Babu yara a wurin, babu wurin matsawa, sai kaji biyu da turmi. Alhajin kuwa, daga baya na ji, tsofaffin tayoyi yake sayarwa, kuma ƙanena bai taɓa ganin ko hularsa ba. Tarihi ya koma ɗan rakiya. Akwai wata rijiya da aka fara haƙa a darasin farkon mako, har makon ya ƙare ba a cim ma ruwa ba, don duk sanda mai haƙa ya ɗaga diga sai wata Hajiyar Jidda ta jefo fure, a ajiye shi a rami a tafi yi mata kirari.

Na yi masa magana.

"Yaya," ya ce, "ai kai ka koya wa yara karin magana. Yaba kyauta tukuici."

"Na koya musu. Ban koya musu a yaba ta tun kafin ta iso ba. Jiya na ji kana yi wa wani kirari bai ba da komai ba tukuna."

"To ai ya bayar daga baya."

A iya sanina wannan ita ce ma'anar roƙo a kowane ƙamus.

Ɗan ƙanena na fari ma'aikacin jinya ne, mutum mai kunya da ƙarancin magana, kamar Allah ya ba uban rabon su biyu. Ya ga wata yarinya a Ringim, malamar makaranta, 'yar gidan fataken hatsi. Yana so, tana so, sun daɗe suna fahimtar juna. Neman aure aikin baffa ne, don haka ni na jagoranci tafiya. Zuwan farko an karɓe mu hannu biyu, aka kawo fura, aka ce a ba su lokaci su yi bincike kamar yadda aka saba. Ban damu ba. Na ce su tona har kakan kakanmu, tawada za su tarar.

Zuwa na biyu babu fura. Baffan yarinyar, dattijo ne mai farin gemu wanda ya tsufa a cinikin gero da dawa, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya gyara zama.

"Malam, an ce mana gidanku gidan karatu ne."

"Ba a yi muku ƙarya ba, Alhaji."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro waya, ya lalubi abin da yake nema da yatsa ɗaya, ya ajiye ta a tabarma tsakanina da shi. Muryar ƙanena ta cika zauren: kogin Haɗeja, gamji, ku matsa masa yara. Dattijon ya bari har aka kai ƙarshe, bai rage mini ko kalma ɗaya ba.

"Wannan wane fanni ne na karatu, Malam? Mu namu bai yi nisa ba."

Ya ɗauki wayarsa ya mayar aljihu.

"Mu ba mu raina sana'ar kowa ba," ya ci gaba. "Maroƙi ma mutum ne. In muna da biki mu ke kiransa, ya wasa mu, mu sallame shi da alheri. Amma ba mu taɓa ba shi 'ya ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Gobe a haifi yaro, a nuna shi a kasuwa a ce ga jikan mai kirarin waya."

Na dube shi ina tunanin halinmu. Bahaushe yana son kirari kamar yadda yake son zuma, zai cire babbar riga ya bayar don a ce masa giwa, amma wanda ya ce masa giwar ba zai zauna masa a tabarma a matsayin suruki ba. Ban faɗa ba. Wanda ya je neman mata ba ya gyara wa masu 'ya tunani.

"Yaron ba mu same shi da komai ba," in ji dattijon da muka miƙe. "Ita ma yarinyar ta kafe. Ku je ku gyara gida. In an gyara, ƙofa a buɗe take."

Da na dawo Dutse na tarar da ɗan nawa zaune a dakalin ƙofar gidana da kayan aiki a jikinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai tambaya ba, ya dai tsaya yana duban hannuna, da ya ga babu goron albishir sai ya sunkuyar da kai. Na faɗa masa yadda aka yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baffa, ni ba zan iya yi masa magana ba." Gaskiyarsa. Ɗan fari ba ya buɗe baki gaban uba a kan zancen aurensa.

Na sami ƙanena yana goge allo zai sabunta lambar da alli.

"Ni ne maroƙi?" ya daka tsawa da na gama. "Ni? Ina kalanguna? Ina 'yan amshina? Yaya, kai ma ka zauna aka faɗi wannan a gabanka?"

"Na zauna. Da muryarka aka faɗa, ba da tasu ba."

"Mutanen da ke auna hatsi da tiya mai lanƙwasasshen gindi su ne za su koya mini mutunci?"

"Ko da me suke awo, 'yarsu ce, kuma ɗanka ke so."

Matarsa ta yi gyaran murya daga ɗakin girki. "Malam, yaron nan fa ya daina cin abincin kirki. Ka dubi wuyansa."

Ƙanena ya ajiye allin. Ba mugun uba ba ne, kuma kowa a gidan ya san tukunya ta fi nauyi tun da aka rataye allon nan. Kashegari ya yi darasi tsantsa, babu ambaton kowa. Mai haƙa rijiya ya samu ya kai ga ruwa. Darasi ne mai kyau, irin na farkon, kuma masu son tarihi suka nuna iyakar son da suke masa: furanni suka ƙafe, waya ta daina ƙara. Sai rubutu ke ta hawa a ƙasa, "Malam lafiya kuwa?" "Malam yau ba ka gan ni ba ne?" Alhajin Legas ya shigo, ya jira, bai ji an ce a matsa masa ba, ya fita. Haka aka yi ta yi kwanaki, ƙanena yana ramewa, ɗansa ma yana ramewa, kowa da dalilinsa.

Ran nan na leƙa bayan la'asar na tarar an ɗauke kujera. Ƙanena yana zaune a ƙasa kan buzun mahaifinmu, wanda ke naɗe a ɗakinsa tun rasuwa, ya yafa farin hirami, carbi a hannu, murya ta yi ƙasa ta yi sanyi.

"Alhajinmu na Legas ya aiko da sadaka. Allah ya tsare dukiya, Allah ya kare ta daga wuta da ɓarawo. Hajiyarmu ta Jidda, Allah ya shirya zuri'a. Ku ce amin, jama'a."

Amin kuwa ta yi ta zuba a fuskar waya, furanni na bin ta. Mutanen nan dai su ne, allon yana nan, jerin ambaton ma bai sauya ba, mai yawa a gaba, mai kaɗan a baya, wanda bai ba da komai ba ya shiga cikin "sauran al'ummar Musulmi". Kyauta ta koma sadaka, zauren masu biyan wata ya koma majalisin addu'a, kuma abin da ke shigowa ya fi na da, don wanda ke jin kunyar sayen kirari ba ya jin kunyar neman addu'a. Mahaifinmu ma yakan yi wa mutane addu'a a kan buzun nan. Yakan yi wa wanda ya kawo da wanda ya zo hannu rabbana iri ɗaya, kuma maƙwabci bai taɓa jin wa ya kawo me ba.

Da ya kashe waya ya dube ni yana murmushi. "Yaya, wannan kuma ai gado ne. Ko a Ringim an hana malami addu'a?"

Na ce ban sani ba, amma zan je in ji.

Zuwa na uku fura ta dawo, har da nono mai kyau. Dattijon bai ciro waya ba, amma daga fuskarsa na gane ya kalla, ba sau ɗaya ba. Ya tara 'yan uwansa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka taɓa zancen damina da farashin taki. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, kai ne babba a gidan, kuma an shaide ka ba ka ƙarya. Ɗan uwanka ya bar abin nan?"

Na tuna wuyan yaron, na kuma tuna cewa tambaya ɗaya aka yi mini.

"Ya bar kirari, Alhaji."

"To ai shi ke nan, alhamdu lillahi. Dama mun san jini ba ya ɓata. Malami ɗan malami, wa zai ƙi haɗa zuri'a da shi?"

Sauran suka ce haka ne, haka ne. Aka yanka sadaki, aka sa rana bayan an kawar da amfanin gona, aka raba goro da alewa, aka shafa fatiha.

Tun daga tashar Ringim na kira yaron, don na san yana wurin aiki yana duban waya. Na ce an ba mu. Ya ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma." Na ce ya je ya ci abinci.