Yadda Na Kai Zomaye Birni Hankalinsu Kwance

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu na bayan Tofa, ni da maƙwabcina mai adaidaita sahu, da zomaye shida. Wata makarantar koyon likitanci a birni ce ke sayen zomayena don nazari. Karon da ya wuce da na kai musu, abin da har yau nake jin kunyarsa, a buhu na cusa su, na ɗaure a bayan babur da tsakar rana. Biyu suka mutu a hanya, sauran suka isa suna haki. Malamar ɗakin gwaji ta ce in aka kuma, za ta nemi wani mai kiwon.

Yanzu kam faffaɗan kwando na samo, na shimfiɗa ɗanyar ciyawa, na lulluɓe da jiƙaƙƙen zani. Gero ya fitar da kai dama da hagu, hanya kuwa ruwan sama ya cinye ta. Duk ramin da muka tunkara sai in ce, "Malam, a hankali!"

Ya ce, "Baba, ko mai naƙuda ban taɓa lallaɓawa haka ba."

A yankin Ungogo, inda gidaje ke ta korar gonaki, muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, farashinsa ya yi ƙiba.

Da muka isa, malamar ta manna wa zomo ɗaya wayoyi a ƙirji, bugun zuciyarsa ya fito a allon na'ura kamar haƙoran zarto. Ta buga tebur, haƙoran suka cushe. Ta rufe masa ido tana shafa bayansa, suka warware. Ta ce jijiyoyi ne iri biyu masu aiki ba da iznin mai jiki ba: ɗaya na zuga zuciya in an firgita, ɗaya na lallashinta in an natsu.

Maƙwabcina ya ce, "Wato totur da birki."

Ta yi dariya. "Haka ne. Rannan totur Baba ya danne musu tun daga gida."

Tana gwada sauran, ni tawa zuciyar ce ke neman birki. Can ta ɗago ta ce, "Lafiyarsu ƙalau. Baba, wata mai zuwa ma naka muke so." Na yi hamdala da ƙarfi har ɗalibai suka waiwayo.

Kafin azahar muna gida, domin maƙwabcina ya rama duk gudun da na hana shi. Na yi furfura a kiwo ban san tsoro kaɗai na iya kashe dabba ba. 'Yan'uwana masu kiwo, don Allah kada ku yi irin tawa. Dabbar da ba ta kuka ma tana firgita.