Duwatsu Biyar Daga Rafin Guza

Ana idar da sallar asuba ranar Alhamis muka kama hanya, ni da yarana biyu da ƙullin dambun nama da surukata ta cusa min a jaka. Ku da kuke ta tambayata yadda muka ƙare da maganar gidan Kaduna, ga yadda aka yi.

Wata uku ke nan da aka mayar da maigidan Kaduna da aiki. Yana can yana raɓe a ɗakin abokinsa, mu muna Kano a gidan iyayen maigidan, gidan yawa, inda in an zuba tuwo a tire hannu goma ke shiga. Dillali ya samo masa gida uku, ya ce zuwa Juma'a a zaɓi ɗaya ko ya ba wasu. Damuwata 'yata ce mai shekara biyar. Tun ranar da ta ji za mu tashi ta rage cin abinci, ta daina fita tsakar gida, sai ta maƙale a bayan ƙofa tana kallon 'yan'uwanta kamar an riga an raba su. Ni kuma da bakina na yi mata alkawari cewa ba za mu karɓi gidan da babu wurin wasa kusa da shi ba. Yaro kuwa ba ya manta alkawari. Ga ƙaninta ɗan shekara biyu, wanda in ka sake shi titi yake nufa kai tsaye.

A Unguwa Uku muka shiga fijo, ba ta cika ba sai da rana ta fito. Kujera ɗaya na biya, na ɗora ƙaramin a cinya, wata baiwar Allah ta kusa da ni ta karɓi babbar. Sabon titin nan mai hannu biyu ya yi daɗi, sai dai ya sa direbobi sun manta da birki. Namu kaset ɗaya gare shi, ya juya shi sau huɗu kafin Zariya, har na haddace amshin. A Kwanar Dangora 'yan talla suka rufe motar, na sayi ƙosai da mangwaro kwano guda naira biyar. Ƙaramin ya yi wanka da mangwaron, ya shafa wa rigar wani alhaji sauran. Babbar ko ƙosai ɗaya ba ta gama ba.

Goma da 'yan mintuna muka sauka a Kawo. Maigidan na tsaye yana jiranmu, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abincin saye ya gama da shi. A gefensa ga dillalin, wani gajeren Bazamfare mai tsohon babur da tarin makullai a zare. Muka ɗauki tasi shata, shi yana gaba muna bin hayaƙinsa.

Mando muka fara. Gaskiya gidan ya yi: sabon fenti, katanga, ga famfo a tsakar gida yana zuba. A gabansa kuma wani makeken fili, shiru, ko akuya babu. Jirgin sojan sama ya wuce ƙasa-ƙasa, ƙaramin ya ɗaga hannu biyu yana ta ihu, shi dai ya riga ya zaɓa.

"Hajiya, an ce fili kike nema," in ji dillali. "Ga shi nan. Ko raƙuma za su kiwata ya ishe su."

'Yata ta kalli filin daga wannan gefe zuwa wancan, ta ce, "Ina yaran?"

Babanta ya ce suna makaranta, an jima za su fito. Ni ma na yarda. Na ce wa dillali kusan dai wannan ne, sauran biyun mu leƙa kawai don cika ƙa'ida.

Daga nan maigidan ya ce sai ya nuna mana wurin wasa na gaske, don mu san Kaduna ba ta wasa ba ce. Wani lambu ne a cikin gari, da ƙofa da tikiti da maigadi. Akwai lilo, akwai abin zamiya, akwai wani mai juyawa kamar faifai, duk na ƙarfe. Mu kuma da wayonmu sai muka je da tsakar rana a watan zafi. Yarinyar ta hau matakala, ta zauna a kan abin zamiyar, ta miƙe zumbur tana riƙe da bayanta. Ko ƙwai ka fasa a wurin zai soyu. Maigadi ya ce ai nan sai Lahadi ko da sallah yake cika. Na lissafa, daga kowane gida cikin ukun mota biyu za mu shiga kafin mu zo. Wurin zuwa da sabon kaya ne sau biyu a shekara, ba na kowace yamma ba.

Muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, muka kora da zoɓo mai ƙanƙara. Abin da ya burge ni da Kaduna shi ne bakin mutane. A benci ɗaya za ka ji Katsinanci, ka ji Sakkwatanci, ka ji wata Hausa da ban san garinta ba, kuma kowa na gane kowa. Mai abincin ta ji maganata ta ce, "'Yar Kano ce, a ƙara mata yaji."

Gida na biyu a Unguwar Shanu yake. Nan kam yara sai wanda ka gani, an taso daga boko, kowane lungu cike. Amma wasan a bakin kwata ake yi, kwatar kuma a buɗe, ga 'yan acaɓa suna ratsawa kamar an koro su. Ina duba ɗakin girki ƙaramin ya zame daga hannuna. Kafin in juya ya kai bakin titi. Wani tela ne ya bar kekensa ya cafko shi ta wuyan riga, ya miƙo min shi yana cewa, "Hajiya, wannan naki sai da igiya." Ban ma tsaya ganin banɗaki ba.

Da a son raina ne da ba mu je Rafin Guza ba. Na gaji, ƙafata ta kumbura, zuciyata kuma tana Mando. Sai bayan la'asar muka isa, muka ratsa ta gaban maƙera da kafintoci da masu ƙera akwatin ƙarfe, ƙara kamar kunne zai fashe. Gidan ciki biyu da falo ne, fenti ya koɗe, babu famfo sai rijiya, kuma da wasu mutane a ɗaya ɓangaren. Maigidan ya kalle ni, na kalle shi. Mun gama magana.

Sai na ji ana jan zanena. 'Yata ce, ta karkata kai tana sauraro. Ta ja ni muka zagaya bayan gidan.

Ɗan fili ne, bai kai kwatan na Mando ba, tsakanin bangon masallaci da bayan gidaje. Hanyar shigarsa ɗaya ce, an gitta wani ƙaton kututture a bakinta, ko babur ba zai wuce ba. Bishiyar mangwaro biyu, an ɗaura tsohuwar taya da igiya a reshen ɗaya ana lilo. Ga tarin yashi da wani ya sauke gininsa ya tsaya, ƙanana sun mayar da shi nasu. 'Yan mata na tsallen 'yar gala-gala, wasu sun zauna suna carafke, maza na jan motar gwangwani. A gindin bishiya wata tsohuwa na zaune da tiren gullisuwa da aya.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare wa yarana kallo ta ce, "Ke baƙuwa ce. Ban san waɗannan ba."

Ashe duk yaron da ke filin ta san uwarsa, ta san ƙofar gidansu. Bakatsiniya ce, ta ce tun bishiyoyin nan ba su fi tsayinta ba take zama a wurin. Da safe malamin unguwa ke karantar da yara a nan, shi ya sa kullum ake share shi, ba kwalba ba ƙusa. Ranar kuma Alhamis ce, ba karatun yamma, don haka na same su duka.

Na ba ta labarin gidan Mando da filinsa. Ta ce, "Da wane lokaci kuka gane shi?"

"Da hantsi, Inna."

Ta yi dariya har goro ya nemi shaƙe ta. "Ɗiyata, wa ke duba filin yara da hantsi? Ai kin je ganin kasuwa ran da ba ta ci. To ko ƙasa kin duba?"

"Ƙasa kuma?"

"In kin ga zanen gala-gala da ramukan yatsu, wurin na yara ne. In sawun taya kika gani, riƙe ɗanki."

Sai na tuna. Na ga sawun taya a filin Mando, zagaye-zagaye, ban kawo komai a raina ba. Na roƙi maigidan ya hau bayan babur ɗin dillali ya koma ya gano mana filin yanzu, kafin magariba. Ya ɗan ɓata fuska, amma ya tafi.

Ni kuma na zauna kusa da Inna. Ƙaramin ya faɗa yashi, ya gwada gudu sau biyu, sau biyu kututture na dawo da shi. Babbar ta tsaya a gefe, yatsa a baki. Na so in tura ta, Inna ta dafa hannuna ta ce in bar ta. Can sai wata 'yar yarinya mai giɓi ta ɗago daga carafke ta ce, "Ke, kin iya?" Ta girgiza kai. "To zo ki zauna, ba a koyo a tsaye."

Ta zauna. Ta wurga dutse ya faɗo mata a goshi, suka yi dariya, ita ma ta yi. Ban san rabon da in ji dariyar nan ba. Bayan ɗan lokaci ta rugo da gudu, ƙafa duk ƙasa, ta ce, "Umma, yunwa nake ji. Ina dambun?" Na kwance ƙullin. Ta cika baki, ta cika hannu biyu ta kai wa mai giɓi.

Ana shirin kiran magariba maigidan ya dawo. Ya zauna a kan kututture. Dillali ne ya ba da labari, ya ce wallahi shi ma bai taɓa zuwa wurin da yamma ba. Ashe filin koyon mota ne. Motoci uku suka tarar suna zagaye, ɗaya ta kusa kwashe mai rake, ɗaya gefen kuma ƙarti ne ke buga ƙwallo da takalma masu ƙusa.

Maigidan ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya juyo ya ce wa dillali, "Rijiyar nan, wanda ya mallaki gidan zai yarda in yi mata murfi da kwaɗo?"

A gidan wata gwaggon maigidan a Kawo muka kwana, da safe muka kamo hanyar Kano. Motar dawowa ta fi ta zuwa tsufa, ta tsaya shan ruwa sau biyu kafin Zariya. Yarinyar ta cinye ƙwai biyu da burodi, ta yi barci hannunta a dunƙule. Da na buɗe sai ga duwatsu biyar, sumul-sumul. Ta farka ta ƙwace. Ta ce na mai giɓi ne, ta ba ta aro ta koya, ta ce ta kawo mata in ta dawo.

Muna shiga gida surukata ta tare mu. "Wanne kuka ɗauka? Mai famfon?"

"Mai rijiya, Hajiya."

"Kuka bar famfo kuka ɗauki guga?"

Jikarta kuwa ta riga ta baje a tsakar gida, ta tara 'yan'uwanta tana koya musu wasan da ita ma jiya ta koya. Hajiya ta kalle ta, ta kalle ni, ta ce, "To Allah ya sa alheri. Guga ai ba ya kashe mutum."

Abin da na koyo a tafiyar nan, in kina neman gida da ƙananan yara, kar ki tambayi dillali ina wurin wasa. Ki je bayan la'asar, in da hali ranar Alhamis, ki duba ƙasa, ki nemi inda tsohuwa ta ajiye tirenta. Mu dai sati biyu ya rage mu tashi, ana ta haɗa kaya. Duwatsun suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin matashinta, kuma kullum da safe sai ta tambaye ni ko an gama murfin rijiyar, tunda sai an gama shi za mu tare, don kar mai giɓi ta ce ta gudu da kayan mutane.