Tsoho Mai Haska Fim

Shekara da shekaru Tsoho yana haska fim a wani gidan silima a Ƙauran Namoda. Wurinsa ɗan ɗaki ne can bayan 'yan kallo, shi kaɗai da injinsa, yana leƙen jama'a ta taga. Da aka ƙaddamar da Shari'a aka garƙame gidan, abokan da yake shigarwa kyauta duk suka watse.

Takardar koyon aikin lantarki da ya samo a Gusau tun yana saurayi ita ta cece shi. Ya nuna wa kwamitin wani masallaci, suka ɗauke shi aikin haɗa lasifika ranar Juma'a kawai.

Nan ma a baya aka ajiye shi, kusa da batir. In sahu ya daidaita, sai ya riƙa gane mutane ta ƙeyarsu. Ga Bello tela da fim ɗin Indiya ke sa shi kuka a ɓoye, ga Yari mahauci mai yin fito da baki in an fara dambe a fim. Da an sallame sai su wuce shi kai a sunkuye, don gaisawa da shi tamkar amsa laifi ne.

Wata Juma'a ya miƙa wa Yari hannu.

"Malam Yari, kwana biyu."

"Sannu da aiki, mai lasifika," in ji Yari, ya kau da kai ya wuce.

Tsoho ya ci gaba da naɗe waya, yana bin ƙeyar da kallo. Dama da ita suka saba.