Zanen Gawayi a Bangon Zuliha

Zuliha mai bandar kifi ce a bakin ruwan Yelwa. Hayaƙi ya rina mata idanu tun da ƙuruciya, amma in ta yi dariya har masu jiran jirgi sai sun waiwayo. Ɗiyarta ɗaya, Yasira, ta shekara goma sha biyu amma tsawonta kaɗan ya ɗara turmi. Matan unguwa suna kiranta Guntuwa, Yalwa mai ƙosai kuwa ta fi kowa baki.

"Zuliha, ki riƙa shanya ta a igiya mana, ko ta miƙe."

Zuliha ta sayar da kwalekwalen marigayi mijinta, ta kai yarinyar Sakkwato. Likita ya rubuta allurar ƙara tsawo, kullum sau ɗaya, ya ce a ajiye maganin wuri mai sanyi. A bakin ruwa kuwa sanyi wuri ɗaya aka san shi, firizar Mamman, inda masunta ke daskarar da kifi. Ta roƙe shi ya tura kwalin can ƙasa, inda ƙanƙara ta fi kamawa. Kowace safiya sai ta ɗauko, ta dumama a tafin hannu har ya narke, ta tsira wa ɗiyarta a cinya.

Duk Juma'a takan jingina ta da bango, ta ja zane da gawayi. Zanen ya ƙi motsi. Wata rana ta kwaɗa mata mari.

"Miƙe sosai. Da gangan kike ranƙwafawa."

"Inna, iyakata ke nan."

Bayan shekara ɗaya da rabi likita ya tambaye ta inda take ajiye maganin. Ta faɗa masa tana murmushi. Ya ajiye biro. Ya ce ƙanƙara kashe maganin take yi, hoton ƙashin yarinyar kuma ya nuna lokacin ƙara tsawonta ya wuce.

Ba ta taɓa gaya wa Yasira ba. Ta dawo gida ta wanke bangon, ta koma gaban wutarta. Ba a ƙara jin dariyar nan ba, har tari ya ɗauke ta bara. Allah ya jiƙanki, Zuliha, ya ba ki sanyin da ba ya cutarwa.

Ran sadakar uku wata baƙuwa daga Warra ta shigo gaisuwa, ta dubi Yasira.

"Ke yarinya, kirawo mini ɗiyar marigayiya."

Yasira, mai shekara goma sha takwas, ta tashi, ta haɗa dugadugai, ta ɗaga haɓa yadda Inna ta koya mata.

"Ni ce."

Yalwa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.