Takalman da Muka Bari a Bakin Tabarma

Ranar ɗaya ga Janairu na tashi da sanyin da ya fi ƙarfin bargo. Sai da na ɗumama ruwa kafin in yi alwalar asuba. Matata ta ce mai hankali ba ya zaman rafi a irin wannan rana. Na ce mata ni dama ban taɓa cewa ina da shi ba.

Mu biyar ne. Duk sabuwar shekara mukan haɗu a lambun Iro, bayan ƙauyenmu a ƙasar Safana, mu hura wuta mu gasa nama. A da da dare muke yi. Tun da ɓarayin daji suka hana mu barci muka mayar da shi safe. Huɗunmu manoma ne. Na biyar shi ne Malam Sabi'u, ɗan Batsari, malamin firamare da aiki ya kawo mana har ya zama namu.

Wajen ƙarfe bakwai muka shimfiɗa tabarma. Haƙora na kaɗawa, baki na tururi. Kowa ya tuɓe silifas ɗinsa a gefe, don ba a hawa tabarmar abinci da takalmi. Malam ne kaɗai mai sau-ciki. Ya kwance igiya a tsanake, ya cire safa saboda ta jiƙe da ruwan lambu, ya naɗe ya cusa ciki. Tafin ƙafarsa sumul kamar na jariri. Muka yi ta yi masa tsiya, yana dariya yana kara ƙafar a wuta.

Shayi ya tafasa, nama bai gasu ba, muka ji ƙarar babura daga yamma. Da farko na ɗauka 'yan kasuwa ne. Amma ƙarar ta yi yawa, kuma ba ta bin hanya. Sai harbi ɗaya. Sai aka ɓarke.

"Ku ruga!" in ji Iro.

Ba wanda ya waiwayi takalmi. Iro da sauran biyun suka yi cikin rake. Ni da Malam muka yi gabas, inda akwai wani kwazazzabo mai ruwa. Tsakaninmu da shi gonar dawa ce da aka girbe. Duk wanda ya san gona ya san yadda adda ke barin gindin kara: a fiƙe yake tsaye, ga ƙarangiya a tsakanin kunya. Ni ƙafata ta saba, kaushi ya yi mata rana. Ta Malam ba ta saba ba.

Ya faɗi. Na ɗaga shi. Kara ya shige tafin ƙafarsa ta dama, jini har idon sawu. Na rataya hannunsa a wuyana, muna tafiya da ƙafa uku. Ƙarar babur ɗaya ta rabu da sauran, ta nufo mu.

"Kai, ku tsaya nan!" in ji na kan babur ɗin.

Malam ya zare hannunsa ya ingiza ni. "Tafi, Haruna."

Na tafi. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, har fitsari ya kuɓuce mini. Na gangara kwazazzabo na nutse cikin ruwa har wuya, ƙarƙashin ciyawa. Sanyin ruwan ya shiga ƙashina. Na cusa hannun rigata a baki don kada a ji haƙorana. Na ji babur ya tsaya. Na ji Malam yana salati. Na ji harbi biyu.

Daga nan sai kukan shanu da ake korawa, da ihun mata daga cikin gari, da ƙaurin rumbunan da aka cinna wa wuta. Ban fito ba sai da rana ta take tsaka. Ba a kira sallar azahar ba ranar.

Iyalina sun tsira, na same su a garin Runka da yamma. Malam kuwa, a bayan a-kori-kura aka kai shi Batsari, aka yi masa sutura kafin magariba.

Washegari muka koma lambu, mu huɗu. Wuta ta mutu, nama ya ƙone a kan waya, tabarma na nan yadda muka bar ta. Iro ya sa silifas ɗinsa. Sauran suka sa nasu. Na sa nawa. Saura ɗaya a bakin tabarma, igiyarsa a kwance, safar a naɗe a ciki. Na taɓa ta. Ta bushe.