Rumfata a Kan Gangare

A zamanin soja nake sayar da shinkafa da kifi a bakin duwan, wato ofishin kwastan na Gaya, inda motocin da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke jiran takarda bayan sun haye gada. Tsofaffin motoci ne da Turawa suka gama morewa suka yar. Daga nan ake kai wa masu hali a Yamai. Mu na bakin hanya hayaƙin ne rabonmu.

Direbobin ba sa kashe inji, domin batir ɗin ya mutu tun a Turai, in ka kashe sai turi. Haka za su wuni suna tunkuɗo mana baƙin hayaƙi, har faifan da nake rufe tukunya da shi ya yi baƙi. Ban damu da faifai ba. 'Yata ta goye ce ta kama tari, in ta fara sai idonta ya yi ja. Likita ya ce in raba ta da wurin. To in na tashi, me za mu ci? Tsoro ya kama ni sosai.

Na roƙi wani direba, dogo mai shegen ci, ya kashe tasa.

«Inna, in na kashe ta, ke za ki tura ni har Dosso?»

Na zage shi tas, amma gaskiya ya faɗa.

Wata rana ina dawowa daga kasuwa na ga wata mota ta gangaro shiru daga tudu, kafin ta kai ƙasa ta tashi da kanta. Ban yi shawara da kowa ba, na sa mijina ya kwashe rumfar ya kafa a saman gangaren. Maƙwabtana suka ce na guje wa ciniki.

Dogon nan ne ya fara biyo ni, don cikinsa ba ya haƙuri. Na ce ya juya hancin motar ƙasa, ya sa dutse a taya, ya kashe. Ya ci ya ƙoshi, ya janye dutsen, ta gangara ta tashi. Sauran suka bi sahu, har da masu son barcin rana.

Ban taɓa shiga ɗaya daga cikin motocin nan ba, ban kuma ji haushi ba. Kafin damina ta faɗi, yarinyar tana barci a bayana, ina jin numfashinta sumul a wuyana.